Bidiyo ne ya gyara kwalbatin nan ko zaɓe ne ya matso?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Wanda bai biyo ta layinmu yau ba to albishirinku, an sauke yashi tifa biyu da siminti a bakin kwalbatin nan ta unguwarmu a Jos da ta rufta, har leburori sun fara fasa tsohuwar. Shekara uku fa muna kai takarda, biyu ni na kai su da hannuna, mai unguwa ya sa hannu liman ya sa hannu, ko kallon arziki ba a yi mana ba. Sai ga shi yaron nan Mai Caji ya ɗauki bidiyo ranar da keke ya faɗa ciki da 'yan Islamiyya ya ɗora a Facebook da TikTok, kwana tara kacal sai ga ma'aikata. Ni dai na sallama, wayar nan ta fi mana kansila amfani wlh.

Mai Caji: Hhhh Kawu ai tun bara nake faɗa muku ku daina ɓata takarda da biro, mutanen nan ba sa jin magana sai sun ga abin kunyarsu yana yawo a waya. Har daga Abuja da Kaduna aka yi ta kirana ana tambaya wai a ina ne.

Maman Sadiq: Alhamdulillahi, Allah ya sa a gama lafiya. Amma Baban Ummi kada ka yi saurin yabon ɗan kuturu. Ɗakin shan maganin da muke zuwa awo fa? Bara matan unguwa suka ɗauki bidiyonsa, rufi yana yoyo, ba ko auduga, ana karɓar haihuwa da fitilar waya, an ɗora an yaɗa an yi ta tsinuwa a ƙasa, kwana biyu magana ta mutu. Har yau yana nan yadda yake. Waya ɗaya ce dai, me ya sa can ta ƙi aiki nan ta yi?

Ɗan Dankali: Saboda kwalbati a bakin titi take Hajiya, ana iya kafa mata allo da hoton mutum da jar hula. Wa zai ga auduga?

Baba Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ina biye da ku tun ɗazu, idon ne ba ya ba ni damar rubutu da sauri. Ku yaran yanzu ba ku san daga inda aka fito ba. Lokacin da muke aiki in kana son magana da wani a Legas sai ka je ofishin NITEL ka bi layi, ƙasar nan gaba ɗayanta layukan waya ba su kai rabin miliyan ba, gidan da yake da tarho a Jos ana nuna shi da yatsa. A 2001 Obasanjo ya sayar da lasisi, dala miliyan 285 kowane kamfani ya biya, MTN da Econet suka fara a watan Agusta, layi kawai ba waya ba sai ka ajiye dubu ashirin ko fiye, minti ɗaya naira 50 ko da "salamu alaikum" kawai ka ce ka kashe. Sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. To daga 2001 zuwa yau shekara nawa? Kowa da waya har mai tallan gyaɗa. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone tun 2002, kusan tare suka taso da wayar salular, hotonta nawa aka ɗauka aka ɗora? An gina ta? Ni abin da nake tambaya kenan.

Mai Caji: Baba Allah ya ƙara girma, amma ai kasuwar Taminus magana ce ta biliyoyi da siyasa da ƙabilanci, ba irin kwalbati ba ce.

Baba Hedimasta: Yawwa ɗana, ka ba kanka amsa.

Barista: Salam. Yanzu na shigo gida, cunkoson Nyanya ya riƙe ni. Na karanta daga sama. Baba ku yi mini izini in ɗan tsawaita. Ni ganina ana haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Waya aikinta ta nuna, ta sa abin da ake yi a ɓoye ya fito fili cikin minti biyar. Amma ganin abu daban, a gyara shi daban, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda zai gyara sai yana da abin da yake tsoron rasawa. Kwalbatin nan mazaɓarmu ce, rumfunan zaɓe nawa ne a zagayenta ku ƙirga, 2027 kuma tana ƙaratowa, wanda ya turo tifar yashin nan ya yi lissafinsa tsaf. Da a ce shekarar farko ce bayan rantsuwa, ko da keke goma suka faɗa, sai dai a turo wakili ya yi jaje. Ba wai ina rage wa Mai Caji lada ba ne, bidiyon shi ne ashana, amma fa sai da akwai busasshen kara.

Baban Ummi: To Barista in haka ne ai dai an yi mana aiki, ko don Allah ko don ƙuri'a, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Barista: Ƙwarai Yaya, ni ma ban ce a mayar da yashin ba hhh. Abin da nake so mu gane shi ne tsoron ƙuri'ar nan shi ne jarinmu, ranar da ya daina tsoronta wayar ta zama abin kallon rawa kawai. Ku duba Yuganda, akwai waya akwai intanet, amma Museveni yana kan kujera tun 1986. A 2018 haraji ya sa, shilin 200 kullum kafin ka buɗe WhatsApp ko Facebook, a zaɓen Janairun 2021 kuma ya kashe intanet ɗin gaba ɗaya aka yi zaɓe a duhu. Sai ku duba Senegal a 2024, Macky Sall ya ɗage zaɓe, jama'a suka fito, shi ma ya sa aka yanke datar waya, amma kotun tsarin mulkinsu ta ce ɗagewar haramtacciya ce, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Diomaye Faye da bai fi kwana goma da fitowa daga kurkuku ba ya cinye tun zagayen farko. Duka biyun an yanke sabis. Bambancin a wuri ɗaya alƙalai sun tsaya kuma an ƙirga ƙuri'a, a ɗayan babu.

Ɗan Dankali: Ni fa Barista wannan dimokuraɗiyyar taku ta ishe ni, ku yi haƙuri. Shekara sama da 25 tun 1999 muna dangwala yatsa me muka tsinta? Ku tambayi Baba, zamanin Abacha da Buhari yake riƙe da PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, ba waya ba zaɓe ba Facebook, amma an yi tituna an kai magani asibitoci da tambarin PTF a jiki, har yau akwai hanyoyin da muke bi da lodi na lokacin ne. Ga Nijar nan tun 26 ga Yulin 2023 soja ke riƙe da ita, direbobinmu da ke shiga Maraɗi da Ƙonni suna cewa aƙalla ana tsoron hukuma. Mu nan kowa baki ya buɗe a waya, ba mai jin kowa.

Baba Hedimasta: PTF ta yi aiki, wannan ba ƙarya ba ne, na ga littattafai da kujerun da aka kawo makarantarmu. Amma ɗana ka tambaye ni sauran. Lokacin in albashinka bai zo ba wata uku, a cikin ɗaki kake faɗa wa matarka, ita ma a hankali. Kuɗin da aka kwashe a wancan zamanin har yanzu dawo da su ake yi, Suwizalan kaɗai ta maido dala miliyan 322 a lokacin mulkin Buhari na farar hula, wani sama da miliyan 300 ya sake dawowa a 2020. Abacha ya rasu tun 1998 amma har yanzu yana turo mana alat. Da akwai bakin magana a lokacin da wataƙila ba a kwashi haka ba.

'Yar Jami'a: Hhhhh Baba wlh kun kashe ni da dariya, wai yana turo alat.

Barista: Kuma Alhaji maganar Nijar, ka tambayi direbobin naka ko akwai wanda zai iya ɗaukar bidiyon kwalbati ya ɗora ya kira sunan mai mulki ya kwana a gidansa. Sun rufe RFI da France 24 tun 2023, a Disambar 2024 suka dakatar da BBC wata uku, BBC ɗin da kakanninmu suke saurara a gindin bishiya. In soja ya yi daidai ka ci sa'a, in ya yi ba daidai ba wa za ka kai wa ƙara, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare?

Ɗan Dankali: Naji. Amma namu na farar hular ma ai rufewa suke yi. Wa ya rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 don an goge masa rubutu? Soja ne? Wa ya kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya a Satumbar 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna? Ina da abokin ciniki a Gusau sai ya shiga mota ya je Funtuwa kafin ya kira ni mu yi lissafi, kuma 'yan bindigar da aka ce don su aka yi suna nan har gobe.

Barista: Wannan gaskiya ka faɗa, ba zan kare shi ba. Abin da zan ƙara kawai, an kai maganar Twitter kotun ECOWAS kuma ta ce rufewar ta saɓa doka, aka buga a jaridu aka zagi gwamnati a rediyo ba wanda ya ɓace. Ƙaramin bambanci ne amma bambanci ne.

Maman Sadiq: Ku maza kun tafi Yuganda da Senegal kun bar ni da ɗakin awo. Bari in faɗi nawa tsoron game da wayar nan, don mu 'yan Jos bai kamata a ba mu labari ba. Wanda ya ga Nuwambar 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya ga Janairun 2010, ya san aikin da saƙon tes ya yi, a turo maka wai ga su nan tafe ta Bauchi Road, wai an sa guba a kaza kada a saya, kafin a gane ƙarya ce an riga an yi ɓarna, kowane ɓangare da nasa saƙon. Lokacin ma ba hoto. Yanzu hoton wata ƙasa ake ɗaukowa na shekara biyar baya a ce jiya ne a Barikin Ladi ko Mangu. 2014 lokacin Ebola wa bai yi wanka da ruwan gishiri da asuba ba saboda kiran waya? Ni na yi, har yara na tasa, surukata har sha ta yi hawan jininta ya tashi muka kwana asibiti. To abin da ya iya tayar da gari da ƙarfe uku na dare ya sa shi wankan gishiri, ku ce min shi zai gyara mana mulki?

Baban Ummi: Hajiya kin tuna min, wlh ni ma na yi wankan nan, Allah ya yafe mana.

Mai Caji: Mama gsky kin faɗi wani abu. Ni da nake zaune da wayoyin mutane sama da hamsin kullum a shago na san me ake kallo, ba kasafin kuɗi ake karantawa ba, rawa ce da faɗan malamai da 'yan fim. Kuma akwai yaran da aikinsu kenan, ɗan siyasa ya saya musu data duk wata ya ɗan sa musu na cefane, su kuma duk wanda ya taɓa shi su yi masa ca. Ranar da na ɗora bidiyon nan kafin la'asar sun cika min ƙasa da zagi wai ɗan adawa ne ya biya ni, wani har ya turo min saƙo wai na san dokar laifukan intanet kuwa, za a iya ɗauke ni. Na kusa gogewa wlh, mahaifiyata kuka ta dinga yi tana cewa in cire, mu ba mu da kowa.

Barista: Ƙanena da ka kira ni ai. Sashe na 24 na dokar 2015 suke yi wa mutane barazana da shi, an kama 'yan jarida da dama da shi, a 2024 an yi masa gyara an rage faɗinsa duk da har yanzu ana fakewa da shi. Amma nuna ramin da keke ya faɗa ba laifi ba ne a kowace doka, in dai ba ka ƙaga wa wani abin da bai yi ba. Ka ajiye saƙon kada ka goge.

'Yar Jami'a: Ni bari in kawo maganar zaɓen tunda Yaya Barista ya ce tsoron ƙuri'a ne jarin. To in ƙuri'ar ce ba a yarda da ita ba fa? 2023 shi ne zaɓena na farko, na fita tun bakwai na safe, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ɗauki fuskata lafiya lau, muka tsaya har aka ƙirga aka liƙa takarda kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ni har yanzu nawa yana cikin wayata. An ce mana sakamako zai hau IReV, shafin INEC na duba sakamako, kai tsaye daga rumfa kowa ya gani. Na 'yan majalisa ya hau, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Aka je har kotun ƙoli a Oktoba ta ce ai doka ba ta wajabta tattara sakamako ta nan ba. Ni ba ina cewa wane ne ya ci wane ne bai ci ba, wannan kowa da nasa, amma ƙawayena da muka fita tare rabinsu sun rantse ba za su sake ba. Mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, mafi ƙaranci tun 1999. In haka ta ci gaba wa zai ji tsoronmu?

Baba Hedimasta: 'Yata kada ki karaya. Ni na ga zaɓen 2007 da shi kansa marigayi 'Yar'aduwa ya fito ya ce akwai kura-kurai a zaɓen da ya kawo shi. A lokacin a ɗaki ake cika akwati, garin da yake da mutum dubu ya kawo ƙuri'a dubu biyar. Kadrida, na'urar karanta katin zaɓe da Jega shugaban INEC na lokacin ya kawo a 2015, ita ta fara rage wannan, shugaba mai ci ya faɗi, kuma da me Jonathan ya amsa faɗuwa? Waya ya ɗauka ya kira Buhari ranar 31 ga Maris tun ba a gama sanarwa ba. Ƙarancin fitowar da kike gani wani ɓangarensa matattu ne da aljanu suka daina zaɓe. A 2023 ɗin da kike kuka da ita gwamnoni masu ci nawa suka nemi sanata suka faɗi? Namu na nan ma Lalong a akwati bai ci ba, sai daga baya kotu ta ba shi. Tinubu ya rasa Legas jiharsa. A da wa zai yi mafarkin haka?

'Yar Jami'a: To Baba ai kun kawo wata matsalar, kotu. Mu dangwala a rumfa, alƙali uku su zauna a Abuja su canza. 'Yan majalisar Filato nawa kotun ɗaukaka ƙara ta cire a 2023 kan rikicin cikin gidan jam'iyya, sai da aka je kotun ƙoli a Janairun 2024 ta maido gwamna Mutfwang ta ce ba daidai aka yi ba, amma su 'yan majalisar shari'arsu ba ta zuwa can, shikenan sun tafi. Wace waya ce za ta gyara wannan?

Barista: Babu. Shi ya sa na ce ido ce kawai. Kenya ta fi mu nisa a harkar waya, M-Pesa tun 2007 suke tura kuɗi da ƙaramar waya mu muna bin layin banki, amma a 2017 da aka samu matsala wajen tura sakamako ba wayar ce ta soke zaɓen shugaban ƙasa ba, kotun ƙolinsu ce ƙarƙashin Maraga ta yi ta maza ta ce a sake. Na'ura ta bar sawu, alƙali ya bi sawun. In ba mai bi, sawun banza ne.

Ɗan Dankali: Toh tunda ana faɗin gaskiya bari ni ma in faɗi inda wayar ta yi min rana, kada a ce adawa kawai nake. Da can in na ɗauko dankali daga Bokkos sai na isa Legas ko Fatakwal nake sanin farashi, dillali ya faɗi abin da ya ga dama dole ka sayar don kaya ba sa jira. Yanzu tun ina gona nake kira kasuwa uku in ji, manomin ma ya san farashin kasuwar Farin Gada kafin in buɗe baki, mu 'yan tsakiya ribarmu ta ragu amma gaskiya an fi adalci. Sannan lokacin Adesina yana ministan noma wajen 2012 an yi tsarin da ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi, na ga ƙauyawan da tunda aka haife su takin gwamnati bai taɓa shiga hannunsu ba sai lokacin, don a da a gidan manyan jam'iyya ake sauke shi. Ba wai ba a yi cuwa-cuwa a ciki ba, an yi, wasu sun yi rajistar layi goma. Amma ya kai ga talaka. Gwamnati ta canza abin ya bi ruwa.

Barista: Ka ga misali mai kyau. Fasahar tana nan ba ta lalace ba, niyyar ce ta tafi. Haka BVN, a 2016 ma'aikatar kuɗi ta ce ta cire ma'aikatan bogi sama da dubu 23 daga biyan albashi saboda an ga mutum ɗaya yana karɓar albashin mutum da yawa.

Ɗan Dankali: Amma kuma fa ɓarawo ma ya iya waya. Masu tare mu a hanya yanzu in ka ce ba ka da canji sai a nuna maka mai POS a gindin bishiya, ko a karanto maka lambar akawun. Cin hancin ma ya koma tiransifa.

Maman Sadiq: Har sayen ƙuri'a. 2023 da aka canza kuɗi aka ce ba tsabar da za a raba, ai taliya da atamfa da sabulu aka kawo, wasu kuma aka karɓi lambar akawun ɗinsu. Kuma ku tuna matan da nake magana a kansu yawancinsu ba su da babbar waya, mai tocila ce, wata ma ta mijin ce sai ya dawo da dare. Ga data ta ƙara kuɗi tun farkon 2025 da aka yarda kamfanoni su ƙara kashi 50. Wadda take neman na garin masara ba za ta sayi data don ta kalli kasafin kuɗi ba. Shi ya sa kukan 'yan birni masu Twitter ake ji, harajin nan na tura kuɗi da babban banki ya sanar a Mayun 2024 kwana nawa ya yi aka janye? Don ya taɓa masu baki. Mace ta mutu wajen haihuwa a ƙauyen Wase ko Kanam ba wanda zai ji.

Barista: Hajiya ban da abin cewa a nan sai dai in ƙara miki hujja ta ɗaya ɓangaren. Yaran nan da aka kama bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, 'ya'yan talakawa ne daga Kano da Kaduna ba su da kowa, wata uku suna tsare ba wanda ya san halin da suke ciki. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo su kotu nan Abuja wasu suka zube don yunwa, wani ya ɗauka a waya, kafin kwana huɗu shugaban ƙasa ya ce a sake su. Haka Bagega a Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a jihar tun 2010, kuɗin share garin ya maƙale, sai da matasan Follow The Money su Hamzat Lawal suka je suka ɗauko hotuna suka yi ta bugawa kafin aka saki kuɗin a 2013. Mutanen Bagega ba su da Twitter, wani ne ya ara musu baki. To ɗakin awon nan ma haka za a yi, amma ba bidiyo ɗaya a watsar ba. A nemo ko yana cikin kasafi, nawa aka ware, wa aka ba kwangila. Akwai BudgIT da shirinsu na Tracka da ke wallafa ayyukan mazaɓu, kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga Abuja duk wata ana buga shi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofis kwana bakwai ya amsa takarda. Bidiyo da lamba a jiki ya fi bidiyo da tsinuwa ciwo.

Baba Hedimasta: Sai dai Barista ka faɗa musu ɗayan gefen. Ɗakin shan magani na ƙaramar hukuma ne, shi kuma ciyaman wa yake tsoro? 2021 jam'iyyar gwamna ta cinye duka 17 na jihar nan, 2024 bayan an yi sabon gwamna, jam'iyyarsa ita ma ta cinye duka 17, kuma haka ake yi kusan kowace jiha ba mu kaɗai ba. Wanda ya san ba ƙuri'arka ce ta kawo shi ba, in ka ɗora bidiyo sai ya kalla ya yi dariya ya wuce. Kotun ƙoli ta ce tun Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, to ko an ba su, linzamin yana hannun wanda ya naɗa su. Amsar tambayar Hajiya ta farko kenan in ba ku lura ba, mai kwalbati INEC ce za ta yi masa zaɓe, mai ɗakin awo kuwa hukumar zaɓen jiha ce, a gida ake dafa nasa.

Maman Sadiq: Allah ya ƙara lafiya Baba, yau dai na samu amsa, duk da ba ta yi min daɗi ba.

Ɗan Dankali: Kun ga kun dawo maganata, zaɓen ma wasan yara ne.

'Yar Jami'a: A'a Kawu, cewa aka yi inda zaɓen yake da ɗan haƙori an kawo yashi, inda ba shi da shi ba a kawo auduga ba. Ai wannan hujjar a ƙara masa haƙori ce ba a cire sauran ba.

Ɗan Dankali: Ke dai 'yar boko ce, ba a kayar da ku a magana. Ni gobe da asuba zan kama hanyar Bokkos, sai da safenku.

Baban Ummi: Jama'a ku tsaya kafin a watse. Yanzu na dawo daga masallaci na biya ta wajen aikin na haska da tocila, rodin da suka sauke ɗan siriri ne irin na taga, kuma buhun simintin da na ƙirga bai fi goma sha biyar ba. Ni ba injiniya ba ne amma ruwan da ke saukowa ta nan a watan Agusta kun san shi, wanda ya ga abin da ambaliyar 2012 ta yi a Rikkos da Gangare ba zai yi wasa da rafi ba. In da wannan za su zuba, damina ɗaya ba za ta kai ba.

Mai Caji: Kawu ƙarfe nawa suke fara aiki?

Baban Ummi: Sun ce bakwai da rabi.

Barista: Mai Caji in za ka je kada ka yi faɗa da leburori, ba su suka sayo ba. Ka ɗauki rodin kusa ka ɗora biro ko yatsanka a gefe don a ga kaurinsa, ka ɗauki allon aikin in sun kafa. A samu wani magini a unguwa ya tsaya tare da ku. Hajiya ke kuma ki turo min sunan ɗakin awon da mazaɓar ta akwatina, zan duba kasafin bana in rubuta takardar, amma sai an samu mutum biyar da za su sa hannu da sunansu na gaskiya.

Maman Sadiq: Ni ce ta ɗaya. Sauran huɗun zan nemo su a wajen awo ranar Talata, in mazansu sun bari.

Mai Caji: Toh wani ya taimaka min da data don Allah, saura 200MB gare ni kuma ba wuta tun jiya.